Kundin aiki: toshe yoyon man giya a ƙafar tsohon Evinrude 18, Yelwan Yauri

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

An kawo injin jirgin ruwan daga Zamare a bayan a-kori-kura. Evinrude Fastwin ne mai ƙarfin doki 18, lambar da ke kan farantinsa 18902, wato ƙirar 1969, mai gajeriyar ƙafa (ƙafa ita ce ɓangaren ƙasa da ke shiga ruwa, mai ɗauke da giya da farfela). Kansa lafiya lau yake, ja biyu yake tashi. Kukan mai jirgin ɗaya ne: duk man giyar da aka zuba, kafin mako ya zagayo ya koma kamar kunun gyada, kuma idan injin ya kwana a tsaye sai a wayi gari da ɗigon mai a ƙasa.

Mun tsayar da shi, muka sa kwano, muka kwance notin ƙasa sannan na sama. Ruwa zalla ne ya fara zubowa, kimanin cokali uku, saboda ruwa ya fi mai nauyi, ƙasa yake kwantawa. Bayansa sai farin mai mai kauri. Duka abin da ya fito bai kai mililita 150 ba, alhali wannan giyabos ɗin wajen rubu'in lita yake sha. Ke nan yoyon hanya biyu ne, mai na fita, ruwa na shiga. Mun juya maganaɗisu a cikin kwanon, garin ƙarfe mai laushi kawai ya kama, babu ɓarɓashi. Wannan ya kwantar mana da hankali a kan haƙoran giya.

Jan kunne ga duk wanda zai taɓa irin wannan ƙafa: notocin mai guda biyu masu tsaga ɗaya ne. Akwai wani na uku can ƙasa mai kan kuros. Ba na mai ba ne, shi ne ƙusar da cokalin canjin giya ke juyawa a kanta. Wanda ya zare shi da niyyar juye mai, cokalin zai goce a ciki, kuma sau da yawa sai an farke giyabos ɗin gaba ɗaya kafin ya koma mazauninsa.

Talata, 7 ga Janairu

Yau ba mu kwance komai ba, gwajin iska muka yi. Ƙafar nan tana da wurare da dama da za su iya yoyo: sil ɗin shaf ɗin farfela (sil shi ne zobe mai leɓen roba da ke rungume shaf, wato sandar ƙarfe mai juyawa, ya hana mai fita da ruwa shiga), zoben roba da ke kewaye da gidan wannan sil ɗin, sil ɗin doguwar shaf da ke ƙarƙashin famfon ruwa, ɗan zoben sandar canjin giya, igiyar robar da ke tsakanin ɓari biyu na giyabos, da kuma wosha uku na notoci. Abin da aka saba yi a bakin ruwa shi ne a canza sil ɗin farfela a mayar da inji, domin shi ake gani. Mai jirgin ya ce sau biyu aka yi masa haka.

Kayan gwajin haɗin gida ne. Zaren ramin mai na Evinrude na inci ne, 3/8 mai zare 16, don haka bakin famfon Yamaha mai M8 ba ya shiga. Wanda ya matsa shi da ƙarfi zai cinye zaren alminiyom ɗin. Mun samu tsohon notin mai, muka huda tsakiyarsa da bakin diril na 3 mm, muka like ɗan bututun tagulla a kai. Gejin taya ba ya karanta ƙaramar iska, sai muka yi amfani da geji da robar matsawa na abin awon hawan jini. Iyakarsa 300 a awonsa na jini, wanda ya yi daidai da psi 5.8 a awon iskar taya, kuma 260 ita ce psi 5. Ga wannan aiki ya fi gejin taya nesa ba kusa ba.

Mun hura zuwa 260. Allurar ta sauko ƙasa cikin daƙiƙa 20. Muka sauke ƙafar daga jikin inji: a gefen wuyan akwai ɗan murfi mai noti biyu, a bayansa akwai mahaɗin tagulla na sandar giya, notinsa na ƙasa ake cirewa gaba ɗaya, ba sassautawa ba, sannan a kwance manyan notocin a zare ƙafar. Muka cire farfela da famfon ruwa, muka sake hurawa, muka tsoma ƙafar a rabin duro.

Kumfa ta tashi a wuri uku. Mafi yawa daga sandar canjin giya, musamman idan aka motsa ta sama da ƙasa. Sai sil ɗin doguwar shaf, yana fidda ƙwaya-ƙwaya idan aka juya shaf da hannu. Sai wani siririn layi a tsagar ɓari biyu, can baya kusa da gidan farfela. Shi kuwa sil ɗin farfelar da aka canza har sau biyu, bai ce uffan ba.

Alhamis, 9 ga Janairu

An farke giyabos. Mun kife ƙafar a bais tsakanin katako biyu, wutsiya na kallon sama. Notin kuros ya fita da sauƙi. Cikin notoci shida da ke riƙe da ɓarin ƙasa, huɗu sun amsa da sukudireban dukawa, biyu sun ƙi. Ƙarfe ya shekara da shekaru a cikin alminiyom, farin gari ya cika zaren. Mun ɗumama jikin alminiyom ɗin a kewayen notin, ba notin kansa ba, muka ɗiga gaurin kananzir da baƙin mai, muka bar shi ya huce, sau uku. Ɗaya ya fito. Ɗayan kansa ya lalace, sai da aka huda shi. Zaren ramin ya tsira, mun bi shi da abin yanka zare.

Ba a zura sukudireba a tsaga a ɓanɓare ɓarin. Fuskokin biyu babu gaskit a tsakaninsu, ƙarfe ne a kan ƙarfe, kuma tare aka sassaƙa su a masana'anta. Tabo ɗaya hanyar ruwa ce ta har abada, kuma ɓarin wani inji ba zai zauna daidai a wannan ba. Gudumar roba aka buga a gefen wutsiya har ya saki.

Abin da muka tarar: wani ya taɓa buɗewa ya cika tsagar da jan gam na silikon. Igiyar robar asali tana nan amma ta bushe, ta baje, ta karye gida uku. Guntayen silikon sun yi yawo har cikin boris na gaba. Haƙoran giyar gaba da ta baya da ƙaramar giyar tsakiya duk sumul. Kunnuwan abin kama giya sun ɗan zagaye a gefen gaba, amma ba su kai a jefar ba, kuma mai jirgin ya ce giya ba ta zame masa. Akwai jirwayen tsatsa a boris, alamar ruwa ya sha kwana a ciki. Masu jirage na ƙasashen sanyi tsoronsu ruwan ya daskare ya fasa giyabos. Mu a nan tsatsa ce abokiyar gaba: injin da aka ajiye da ruwa a ciki lokacin da tafkin Kainji ya ja baya, boris ɗinsa ne ke tafiya.

A bayan farfela mun warware zaren kalli da ya naɗe, ya narke ya zama kamar wosha. Bai riga ya kai leɓen sil ba, amma saura ƙiris.

Asabar, 11 ga Janairu

Wanki da awo. Kananzir, burushin haƙori, da guntun katako mai tsini don karce tsohon gam daga cikin kwararon igiya. Ban da wuƙa, ban da samfefa a fuskokin haɗi.

Zoben sandar giya yana ƙarƙashin wani bushin na tagulla da aka matse a jikin ƙafa, shi ya sa ba wanda ke kai masa. Bayan an zare sandar ta ɓangaren giya, mun sa an sassaƙa mana ƙarfe mai kauri ƙasa da 8 mm kaɗan, bakinsa an rage shi zuwa 6 mm don ya shiga ramin bushin ya tsaya a tsakiya. Daga ciki aka buga, bushin ya fito ta sama lafiya, za a sake amfani da shi. Zoben da ke ƙasansa ya zama kamar busasshen kashin awaki, da aka matsa shi sai ya ruguje. Da alama tun daga masana'anta yake nan, shekara 56.

Doguwar shaf tana da zobe da leɓen sil ya ci mata, farce yana maƙalewa a ciki. Rairayi ne sanadi. Famfon ruwa a kan sil ɗin yake zaune, kuma duk lakar da Neja ke kwasowa da damina, da yashin da farfela ke tayarwa a bakin gaɓa, ta nan suke bi. Yashi ya maƙale a leɓen roba, shaf na juyawa dubbai a minti, sai robar ta zama magagari. Sabon sil a kan wannan zoben ba zai yi wata guda ba. Shaf ɗin farfela kuwa ƙyalli kawai ta yi, babu rami. Mun mirgina duka biyun a kan gilashi, babu lanƙwasa.

Litinin, 13 ga Janairu

Neman kaya, kuma a nan aikin ya tsaya. Kamfanin OMC da ya ƙera injin ya durƙushe a ƙarshen 2000, kuma waɗanda suka gaji sunan sun daina ƙera Evinrude a 2020. Duk abin da ke kasuwar Yelwa na Yamaha Enduro ne, awon milimita. Wannan kuwa ɗan Amurka ne, komai nasa inci ne.

Bambancin yana da ƙanƙanta a ido amma shi ne komai. Inci 5/8 shi ne 15.88 mm, mai shago zai miƙo 16. Inci 1 da 1/8 shi ne 28.58 mm, zai miƙo 28 ko 30. Ta ciki leɓen roba yana iya haƙuri da kashi ɗaya cikin goma na milimita. Ta waje babu wannan haƙuri: ƙarami zai yi lilo a gidansa, babba zai tsaga gidan. Sil ɗin farfelar da muka tarar na milimita ne, an cike gefensa da gam. Ya riƙe iska, gaskiya ne, amma sifirin ɗin cikinsa baƙin ƙarfe ne na mota, har ya fara tsatsa. Sil ɗin ruwa sifirin ɗinsa ƙarfen da ba ya tsatsa ne.

Mun aika awo da tsofaffin sil biyu Legas, wurin masu sayar da boris da sil na injinan masana'antu, su ne ke ajiye awon inci. Igiyar tsaga kuwa ba sai an jira ba. Inda ba ta baje ba ta auna kusan 2.6 mm, kuma akwai manyan zobban roba masu jure mai da kaurinsu 2.62 mm ne. An sayi biyu masu faɗi, za a yanka a miƙe. A tabbatar baƙar robar mai ce, irin ta haidirolik. Robar famfon gida kumbura take idan ta sha man giya.

Talata, 21 ga Janairu

Kaya sun iso: sil biyu, zobba, da sabuwar farfelar robar famfon ruwa. Tsohuwar fikafikanta sun lanƙwashe sun ƙi miƙewa, kuma ba hikima ba ce a buɗe famfo a mayar da tsohuwa.

Doguwar shaf: an goge wurin da samfefa mai lamba 400 sannan 600, da ɗigon mai, ana zagaya shaf ɗin, ba a bin tsawonta. Karce a tsaye hanya ce da mai zai bi ya wuce leɓe. Ramin bai ɓace ba, kuma ba ma so a ci ƙarfe har ya ɓace. Dabarar ita ce a sauya wa leɓen mazauni. Gidan sil yana da sarari, don haka sabon bai kai ƙasa kamar tsohon ba, an bar shi sama da kusan 1.5 mm, leɓen ya sauka a lafiyayyen ƙarfe. An duba da ruli cewa bai taɓa farantin famfo ba. Da babu sararin, sai dai siririn hannun riga na ƙarfe irin Speedi-Sleeve na SKF, ko wata shaf.

Kowane wuri sil ɗaya ne, leɓensa da sifirin suna kallon mai. An shafa gam siriri a bayan ƙarfensa, an tura shi da soket mai faɗinsa, a bais, a hankali. Guduma tana karkatar da shi. Leɓe ya sha giris kafin shaf ta shiga. Ramin fin ɗin farfela yana da kaifi a baki, an goge shi da magagari, an naɗa selotef a kai kafin a zura gidan sil. Haka ma tsagar da ke saman sandar giya, inda notin mahaɗi ke zama: ita ce ke yanka sabon zobe tun bai fara aiki ba.

Laraba, 22 ga Janairu

Haɗa ɓari biyu. Hunturu ya sauko da ƙura, don haka an yi aikin a cikin ɗaki, an yayyafa ruwa a ƙasa, an rufe ƙofa. Gam ɗin da masu irin wannan inji suka saba da shi 3M 847 ne. Babu shi a nan, sai muka ɗauki gam ɗin ThreeBond mai launin ruwan toka da ake haɗa ɓarin injin babur da shi, tunda don ƙarfe a kan ƙarfe aka yi shi kuma yana jure mai. Silikon mai kauri ba ya cikin lissafi: yana ɗaga ɓarin, boris su sami sarari, ragowarsa kuma ta tsinke ta faɗa cikin mai, kamar yadda muka gani.

Ƙaramar giya ta fara shiga, sai shaf ɗin farfela da giyoyinta. Gidan sil na baya yana da rami da ke hawa kan wata 'yar ƙusa a jikin ƙafa. Idan bai hau ba ɓarin ba zai rufu ba, kuma wanda ya ɗaure noti a haka ya fasa. An kwantar da igiya a kwararonta, an yanke bakunan, an shafa gam a fuska biyu, an rufe. Notoci shida sun sha gam a zare, an ɗaure su daga tsakiya zuwa waje, kaɗan-kaɗan, zuwa 8 Nm a awon ƙarfin ɗauri. An daidaita ramin cokali da ƙusa siririya, notin kuros ya shiga da sabuwar wosha. An juya shaf, gaba da baya da firi duk suna shiga.

Alhamis, 23 ga Janairu

Gwaji ya faɗi. Daga 260 ya sauko 200 cikin minti biyar. A duro, sandar giya shiru, doguwar shaf shiru, amma ga kumfa ƙanana a gefen hagu inda igiya ta haɗu da gidan sil na baya.

An sake buɗewa. Bakin igiyar na hagu ya ja baya da kusan 2 mm. Dalili a fili yake: an ja ta lokacin kwantarwa don ta bi kwana, aka yanke ta tana miƙe, da ta huta sai ta koma tsawonta. Roba ba ta mantuwa. Kuma an yanke ta daidai da baki, wanda shi ma kuskure ne.

Da zobe na biyu aka gyara. An tura igiyar cikin kwararo da yatsa, turawa ba ja ba, aka bar ta minti 15. Aka yanke kowane baki da sabuwar reza, a miƙe ba a karkace ba, aka bar rarar 1.5 mm tana leƙowa a kowane gefe, domin idan an ɗaure ta matsu da gidan sil. Ɗigon gam a kan kowane baki. Tsohon gam na jiya sai da aka wanke shi tas da fetur kafin a sa sabo.

Asabar, 25 ga Janairu

An ba gam kwana biyu. A 260, minti 30, allura ba ta motsa ba, ana juya shaf biyu ana motsa sandar giya. Sannan da famfon keke da ƙaramin geji aka kai psi 10, minti 15, shiru. Littattafan OMC suna kai gwaji na biyu har psi 16 zuwa 18, amma ga ƙafa mai wannan shekaru mun tsaya a 10. Ƙaramar iska ma ta fi tona asiri, domin babbar tana danna leɓe a kan shaf ta rufe yoyon da kanta.

Saura gwajin zuƙa, wanda aka fi tsallakewa, alhali shi ne ke faɗin ko ruwa zai shiga. Giyabos yana ɗumi a kan aiki, iskar ciki ta buɗe. An kashe inji ƙafa na cikin ruwa, sai ta huce ta tsuke, ta ja abin da ke waje. Sil ɗaya mai kallon ciki ya fi iya tare mai fiye da tare ruwa. Mun haɗa robar ƙarin ruwa ta asibiti da mahaɗi mai baki uku: ɗaya ga ramin mai, ɗaya ga sirinji na 60 ml, ɗaya ya sauka cikin bokitin ruwa a ƙasa, ƙafar tana kan tebur. An ja sirinji har ruwa ya hau mita 1.2 a cikin robar, an matse, an yi alama da biro. Minti 15, ruwan bai sauka daga kan alamar ba.

Litinin, 27 ga Janairu

Famfon ruwa ya koma: faranti, ɗan fin, farfelar roba da aka shafa wa ruwan sabulu, ana danna murfin ana juya shaf ta hannun agogo idan ana kallo daga sama. Giris a gefen haƙoran saman shaf kawai, ban da kan, don giris a kai yana hana ta shigewa har ƙarshe. Bututun ruwa ya shiga robarsa, an leƙa da tocila an tabbatar. Notin mahaɗin sandar giya sai da tsagar sanda ta zo daidai da rami aka sa shi.

Man giya na injin jirgi, SAE 90. Ta ramin ƙasa ake turawa har ya fito ta na sama babu kumfa, a rufe na sama tukuna, sannan a zare bututu a rufe na ƙasa da sauri. Wanda ya zuba ta sama iska za ta tare shi, ya ɗauka ya cika alhali rabi ne. Ya sha kusan 245 ml. Wosha duka sababbi.

An kunna shi a duro, ruwa ya haura famfo da kusan taƙi guda, fetur da mai 50 da 1. Wannan ƙirar ba ta da 'yar kafar tsartuwa irin ta Yamaha, ta ramin hayaƙi na bayan wuya ake ganin feshin ruwa, kuma ya fito cikin daƙiƙa kaɗan. Bayan minti 20 wani baƙin maiƙo ya taru a saman duro. Mai jirgin ya ce, "Malam, ga shi ya dawo." Aka shafa a yatsa aka miƙa masa ya shinshina: warin fetur da hayaƙi ne, ragowar man da bai ƙone ba da ke bin bututun hayaƙi. Man giya warin ƙibiritu gare shi, ba ya ɓuya.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Injin ya yi kimanin awa 12 a ruwa tsakanin Yelwa da Zamare, da lodi. An dawo da shi, ya kwana a tsaye don duk ruwan da ke ciki ya kwanta ƙasa. Da safe aka sassauta notin ƙasa: ɗigon farko mai ne, launin zuma, garau. An juye duka an auna, 240 ml. An sake gwajin 260 da na zuƙa, duka sun riƙe. An zuba sabon mai.

An cire farfela, an sami zagaye biyu na zaren kalli da ɗan burugu, an warware. An gaya wa mai jirgin ya riƙa cire ta duk ranar Juma'a da ba ya fita, ya duba bayanta, ya shafa giris a shaf, ya kuma riƙe fin biyu da kota-fin a aljihun jirgi. A bakin gaɓa mai yashi ya kashe inji ya ɗaga ƙafa, ya ƙarasa da gora.

Abin da ya rage a buɗe shi ne boris na gaba mai jirwayen tsatsa. Yanzu ba ya kuka, kuma shaf ba ta wasa gefe da gefe. An rubuta lambar da ke jikinsa an aika Legas tare da awon sil biyu, don a ajiye na canji. Dubawa ta gaba bayan awa 50, ko kafin ruwan damina ya fara kawo laka, duk wanda ya riga zuwa.